Famfon Da Ba Ya Kuka

Duk wanda ya saba bin hanyoyinmu a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 a Kano ko ma ya haura, ya san wannan abu: mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi yana tashi, direba yana tsaye da galan a hannu yana jiran ta huce, fasinjoji kuwa sun watsu neman inuwa. In ka tambaya sai a ce maka mota ta ɗauki zafi. Iyakar bayanin ke nan, sai ka ce zafin wani ɗan fashi ne da ya tare ta a hanya. Alhali kuwa masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. In ka ga ruwan mota ya tafasa, to, ko dai ya daina zagayawa, ko kuwa yana zagayawa amma babu abin da ke fifita shi.

Na san za a sami mai cewa, me ya haɗa kifi da kaska, ɗalibin Hausa da cikin injin mota? To, wana bakanike ne. Tun ina aji huɗu a firamare babu hutun da ban yi shi a garejin da ya koyi aiki ba, ina wanke sifana da kananzir, ina riƙe wa manya fitila, ina karɓo musu ƙosai. Ban zama bakanike ba, amma kunnena ya sha magana, kuma har yau in an ba mu hutu can nake yini. Abin da nake so mu tattauna a kansa shi ne wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙaramar buta girma ba, watau famfon da ke zagayawa da ruwa cikin inji, da yadda aka fara raba shi da fambel ana jona shi da lantarki. A ido ƙaramin canji ne. Amma na ga ya raba kan mutum biyu da nake ganin girmansu, kuma yana neman taɓa abincin ɗayansu.

Sai mu fara daga tushe. Injin mota murhu ne. Fetur da iska suna ƙonewa cikin silinda, ƙarfin fashewar ya tura fistan, fistan ya juya karanshaf, daga nan ƙarfi ya kai ga tayoyi. Sai dai ba duk wutar ce ke zama tafiya ba. In ka kasa ƙarfin da ke cikin lita guda ta fetur kashi uku, kimanin kashi ɗaya ne ke tura mota. Kashi ɗaya salansa ce ke fitar da shi. Ragowar kashi ɗayan kuwa jikin ƙarfen yake shiga, in kuwa ba a kwashe shi ba sai kan inji ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, fistan ya kumbura ya cije. Watau direban da ya sha man naira 9,000, kamar na naira 3,000 lagireto ne zai watsar da shi a iska.

Saboda haka ne aka rarake jikin inji aka yi wa ruwa hanyoyi kewaye da kowace silinda. Ruwan ya ɗebi zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, ya rarrabu cikin siraran bututu, iskar tafiya ko ta fanka ta fifita shi, sa'an nan ya komo ta tiyon ƙasa. Shi kansa murfin lagireto yana da aikin da ya wuce rufewa. Danne ruwan yake yi, domin ruwan da aka matse ba ya tafasa a digiri 100 kamar na tukunya, sai ya kai wajen 120. Wannan shi ne dalilin da ya sa buɗe lagireto da zafinsa yake saɓule wa mutane fatar hannu, don da an sassauta matsin, ruwan da ya riga ya wuce 100 sai ya tafasa nan take ya yi feshi.

Ba duk motocin farko ne ke da famfo ba. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, galibinta ba ta da shi. Ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka da kansa yake hawa sama ya gangara lagireto, mai sanyi ya maye gurbinsa. Volkswagen Beetle kuwa, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ko ruwan ma ba ta sha, iska ce ke sanyaya ta. Amma da injuna suka ƙara ƙarfi, zagayen ganin-dama ya kasa, sai aka kawo famfo mai farfela aka ɗaura masa fambel daga karanshaf. Da irin wannan famfo Peugeot ta zo, wadda ita ma aka fara harhaɗa ta a Kaduna a shekarar nan ta 1975, kuma a jikin 504 ne maigidan wana ya buɗe ido a sana'a.

Famfon fambel raƙumi da akala ne. Inji ya yi sauri ya yi sauri, inji ya sassauta ya sassauta, inji ya mutu shi ma ya mutu. Bai san zafi ba, bai san sanyi ba. To, duba inda gizo ke saƙar. Lokacin da mota ta maƙale a cunkoso da rana tsaka, inji yana silo, bai fi juyi 700 ko 800 a minti ba, babu iskar tafiya, kwalta tana huci daga ƙasa, a daidai lokacin ne famfon ke tura mafi ƙarancin ruwa. Da asubar hunturu kuwa, in direba ya hau babbar hanya inji da sanyinsa yana juyi 3,000, ba a bukatar famfon sosai amma shi ne yake ta haƙilo. Dole mai ƙera mota ya yi famfon da girma yadda zai wadatar a silo, wannan girman kuwa sai ya zama ɓarna in an taka totur. Injiniyoyi sun tabbatar da wata ƙa'ida game da irin wannan farfela: in ka ninka gudunta sau biyu, ruwan da take turawa zai ninku sau biyu, amma ƙarfin da take ci zai ninku sau takwas. Ƙarfin nan kuwa daga tankin mai yake fitowa.

Akwai kuma wani abin da direbobi da yawa suka sha gani ba su san dalilinsa ba. Mutum ya sha doguwar tafiya lafiya lau, ya tsaya ya kashe mota, bayan minti biyu sai ya ji lagireto yana ɓararraka. Abin da ya faru shi ne, ƙarfen yana nan da zafinsa, ruwan da ke kwance a kan inji yana ta shan wannan zafi, famfon da zai kore shi kuwa ya mutu tare da inji. Ga mota mai turbo abin ya fi muni, domin hayaƙin salansa ne ke juya turbo, yana kuwa yin juyi fiye da 100,000 a minti, in an kashe mota farat ɗaya man da ke cikinsa yana iya soyewa ya zama gawayi.

Waɗannan su ne cututtukan da famfon lantarki ya zo magancewa. Shi yana da ɗan injinsa na kansa a cikinsa, wuta yake ja daga batir, babu ruwansa da fambel. Kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa, ita ke karanta zafin ruwan ta ba shi umarni. Da safe ta ce masa ya dakata ko ya yi a hankali, don inji ya yi saurin ɗumama. A cunkoso ta ce ya buɗe wuta ko da inji yana silo. In an kashe mota ta bar shi ya ci gaba da juyawa na 'yan mintoci har ƙarfe ya huce. An daɗe ana sa ƙananan famfunan lantarki a matsayin mataimaka, domin turbo ko domin ɗumama cikin mota a ƙasashen sanyi. Amma a ce babban famfon inji ɗungurungum na lantarki ne, wannan ya shahara ne daga 2004, lokacin da BMW ta fitar da injinta mai silinda shida da ake kira N52, da famfon da kamfanin Pierburg na Jamus ya ƙera. Wat 200 yake ci in ya ƙure, watau bai kai abin da ƙwan fitilar gaba huɗu masu wat 55 suke ci ba, alhali famfon fambel na injin da ya kai wannan girma yana iya cin ninkin-ba-ninkin haka in an taka. A 2009 Toyota ta fitar da Prius zubi na uku, injinta babu fambel ko ɗaya. Ita mota ce mai haɗa fetur da lantarki, injinta yana mutuwa yana tashi a tsakiyar tafiya. Kada kuma mai karatu ya ɗauka abin na motocin da ba mu cika gani ba ne. Camry da aka fara fitarwa a 2017, mai injin lita 2.5, da famfon lantarki ta zo, kowa kuwa ya san yadda Camry take a titunanmu.

Ban da waɗanda ke zuwa da mota daga masana'anta, akwai na sayarwa daban, wanda mutum zai saya ya dasa wa tsohuwar motarsa. Kamfanin Davies Craig na birnin Melbon a Ostareliya ya yi suna a wannan fanni, yana da mai tura lita 80 a minti, da mai 115, da mai 150. Masu tseren motoci a Amurka da Ostareliya suna son su ƙwarai, don suna rage wa inji kaya, kuma ana iya sanyaya mota da su tsakanin tsere da tsere ba tare da an tayar da ita ba. Irin waɗannan ne wana ya yi ta kallo a wayarsa har suka shiga ransa.

Kawunmu yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, da ita yake jigilar 'yan kasuwa daga birni zuwa kasuwannin ƙauye, da ita kuma yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. A bazarar da nake magana motar ta tsiro da wani hali. A babbar hanya lafiya ƙalau take, amma da an shigo gari an haɗu da cunkoso, ko an tsaya a shingen bincike, sai allurar zafi ta fara hawa. Har ta kai yana tafiya da jarka biyu a but, fasinjoji kuma suka fara gudunsa a tasha, don babu mai kayan gwari da zai so a tsaya da shi a rana ana jiran mota ta huce.

Yaya ya duba ya ce, "Maigida, matsalar motar Kawu a silo take. Ruwa ne ba ya gudu in inji ya sassauta. Mu cire famfon fambel mu sa mata na lantarki, ko a tsaye take ruwa zai yi ta zagayawa."

Maigida yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota da ya mayar gadon mulkinsa, bai ko ɗago ba ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka famfo ke sanyaya mota? Famfo ɗan aike ne. Shekara nawa motar nan ta yi tana shiga cunkoso da famfon da aka haife ta da shi ba ta tafasa ba? Ka tambayi abin da ya canza tukuna."

Kawu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce wa Yaya, "Ni dai ɗana, jibi kasuwa ce. Duk wanda zai sa in je in dawo, shi nake so."

Maigida ya sa aka kwance famfon. Da aka fito da shi sai ga farfelar tsatsa ta cinye ta, haƙoranta sun zama kamar na tsohuwar da ta shekara tamanin tana cin goro. Shekara da shekaru Kawu yana ɗura wa lagireto ruwan rijiya da na kududdufi, duk wanda ya samu a hanya. Irin wannan ruwa yana cin ƙarfe, kuma yana barin farin dasashi cikin bututun lagireto kamar wanda ake gani a gindin butar shayi. In inji yana gudu, guntayen haƙoran suna iya tura ɗan abin da zai wadatar, a silo kuwa sai dai su yi ta kaɗa ruwan a wuri ɗaya. Ashe Yaya ya gano ciwon daidai, ruwa ne ba ya gudu a silo. Maigida kuma ya gano abin da ya kawo ciwon. Aka sa sabon famfon fambel, aka kai lagireto aka wanke, aka zuba ruwa mai tsabta haɗe da maganin nan mai launi da ke hana tsatsa. Kuɗin duka bai kai rabin abin da famfon lantarki da na'urar sarrafa shi za su ci ba. Kawu ya ci kasuwarsa.

Ni a wannan shari'a bayan Maigida nake, kuma ina da dalilin da ya wuce kuɗi. Motar Kawu mota ce da in an kunna fitila aka danna ham sai hasken ya dushe. Wayoyinta duk ƙulli ne da salatif, fis ɗinta kuwa an daɗe da maye gurbin waɗansu da zaren waya. A ɗauki ran inji kacokan a rataya shi a jikin wannan wuta, ai ganganci ne. Ranar da waya ɗaya ta saki a tsakanin ƙauye da ƙauye, famfo zai tsaya, inji kuwa zai ci gaba da gudu bai san an yi ba. In fambel ne ya tsinke, fitilar caji tana kamawa nan take, don galibi shi ne ke juya altaneta, kuma ana samun fambel a kowace tasha. Sa'an nan ita wutar da famfon lantarki zai ci ba daga sama take faɗowa ba. Altaneta ce za ta samar da ita, inji ne kuma ke juya altaneta, a kowane mataki kuwa ana asarar wani abu. Ribar famfon lantarki tana cikin hutun da yake samu in ba a bukatarsa. Wanda ya jona shi kai tsaye ya bar shi yana ta gudu dare da rana, ya zubar da rabin hikimar.

Tun da na ambaci jonawa kai tsaye, bari in ɗan ratse. Akwai wata al'ada a garejojinmu wadda a kanta ban bi bayan Maigida ba. Da an kawo mota daga Kwatano, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat a jefar, a kuma jona fanka ta riƙa juyawa da an murɗa makulli, wai an yi su ne don ƙasar ƙanƙara. Shi tamostat ɗan ƙyaure ne mai kakin zuma na musamman a cikinsa. In ruwa bai kai wajen digiri 80 zuwa 90 ba yana rufe hanyar lagireto, in ya kai sai kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙyauren ya buɗe. An ƙera inji ne ya yi aiki a wannan zafi. In ya zauna ƙasa da haka ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai, fistan da silinda kuma su yi ta cin juna. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne ko a tsohuwar mota. A motar da ƙwaƙwalwa ke lissafin gudun famfo bisa ga zafin ruwa kuwa, rikita mata lissafin aka yi gaba ɗaya. Na faɗa wa Maigida haka wata rana, ya yi dariya ya ce, "Malam ɗan boko, je ka karɓo mana ƙosai."

Ba a yi wata biyu ba aka jawo wata mota da igiya, doguwa baƙa, ta wata Hajiya. Direbanta ya ce suna cikin tafiya sai alamar gargaɗi ta kama, fanka ta ɗauki ruri kamar jirgi zai tashi, mota ta ƙi karɓar totur, shi kuwa ya yi hankali ya kashe ta. Maigida ya tashi da kansa. Sai in gaya muku, mutumin nan da kunne da tafin hannu yake aiki. Famfon fambel ba ya mutuwa sai ya yi sallama. Boris ɗinsa zai fara kuka, ko ya fara ɗigar da ruwa ta ɗan ramin da aka bari a ƙasansa, ko in ka kama fulinsa ka girgiza ka ji yana lilo. Na sha ganin Maigida ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin famfo, ya sa kunne a ƙotar, ya ce wa mai mota, "Kana da mako biyu." Kuma haka za a yi.

Ran nan ya duba fambel, lafiya lau. Ya duba ƙasa, babu ɗigo. Ya bi fambel ɗin da yatsa daga fuli zuwa fuli yana neman famfo, bai same shi ba. Ya sake bi. Yara masu koyon aiki suna tsaye sun yi tsit, ni kuwa na sunkuyar da kai, don ban taɓa ganin ya nemi abu a cikin inji sau biyu ba. Yaya ne ya matso ya ce a hankali, yadda yaran ba za su ji ba, "Maigida, ina jin irin mai wayar nan ne, yana can ƙasa ta gefe." Can kuwa yake, tiyo biyu da soket ɗaya, babu fuli balle a girgiza. Yaya ya je rumfar mai gyaran wayar mota da ke maƙwabtaka da mu ya aro na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ita ce ta rubuto cewa ƙwaƙwalwa tana yi wa famfo magana ba ya amsawa. Rurin fankar nan ma dabara ce ta ƙwaƙwalwa, da ta ga famfo ya yi shiru sai ta saki fanka ta kuma rage wa inji ƙarfi don kada ya ƙone.

Ba a gyara irin wannan famfo, sai dai a sake. Kwana huɗu ana nema kafin a samo, kuɗinsa kuwa ya ninka na famfon Kawu sau da yawa. Da aka ɗaura, sai aka zo wajen fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin ruwa. A tsohuwar mota tayar da inji ake yi a bar shi ya yi zafi ana matsa tiyo. Wannan kuwa Yaya ya murɗa makulli bai tayar da inji ba, ya kai na'urar ɗumama ciki ƙarshen zafinta, ya danne totur har ƙasa na daƙiƙa goma, ya fito. Sai muka ji ruwa yana gudu a cikin mataccen inji, ƙulululu, ya tsaya, ya sake ɗauka, kamar minti 12 ana haka. Maigida ya tsaya hannuwansa a baya yana saurare har aka gama. Da Hajiya ta aiko da kuɗin aiki, ya ware kaso ya ce a kai wa mai na'ura. Wannan ne karo na farko da na ga kuɗin gyaran zafin mota ya fita daga garejin ya shiga rumfar mai waya.

Kada a ce na zuga famfon lantarki. Ya kawo nasa cututtukan da na fambel bai san su ba, don an haɗa wuta da ruwa a gida ɗaya. A 2018 kamfanin Audi ya yi kiran a dawo da motoci fiye da miliyan ɗaya a duniya, saboda ƙaramin famfonsu na lantarki yana iya toshewa ko danshi ya shige shi ya yi zafi har ya kama da wuta. A watan Agusta na 2024 BMW ma ta yi irin wannan kira a Amurka a kan motoci fiye da 720,000, saboda danshi yana iya shiga soket ɗin famfon. A can takarda ake aika wa mai mota, ya kai a gyara masa kyauta. To, motar da ta riga ta haye teku ta sauka a Kwatano ko Legas, ta canza hannu sau uku, wa zai aika wa mai ita takarda? Ta zo mana da ciwonta a ɓoye, ga zafin da ya fi na inda aka ƙera ta, ga masu wankin inji da ke fesa ruwa a kan kowane soket.

Duk da haka ban ga alamar za a koma baya ba. Motar lantarki zalla ba ta da karanshaf balle fambel, amma batirinta da injinta suna yin zafi, batirin kuwa ya fi son zaman da bai wuce digiri 20 zuwa 40 ba, saboda haka galibinsu da ruwa ake sanyaya su, famfunan kuma duk na lantarki ne. Abin da ke damuna shi ne lissafin garejinmu. Yara bakwai ne ke koyon aiki a wurin, dukansu kunne da tafin hannu ake koya musu, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe mitar awon wuta. Motocin da za su ci abinci da su nan da shekara goma su ne waɗanda ake hawa yau a Turai da Amurka. Ilmin Maigida bai tashi a banza ba, ai shi ya ceci Kawu daga kashe kuɗin da ba shi da su, kuma tambayar nan tasa, a nemi abin da ya canza tukuna, tana aiki a kowace irin mota. Amma tambayar tana bukatar a iya jin amsa, sabon famfon kuwa da harshen da sukundireba ba ya ji yake magana.

Mataccen famfon Hajiya bai shiga buhun 'yan gwangwan ba. Maigida ya ajiye shi a ƙarƙashin kujerarsa kwana biyu, a na uku da yamma, bayan an sallami yara, ya ɗaure shi a bais ya ce in riƙe masa fitila. Ya sa zarto ya raba shi biyu. A ciki akwai farfela ta roba, da wani dunƙulen maganaɗisu da ke juyawa cikin ruwan, da naɗin wayar tagulla kewaye da shi, can ƙarshe kuma wani ɗan koren allo mai ƙananan abubuwa jere kamar tururuwa, gefe ɗaya ya yi baƙi. Ya juya farfelar da yatsa, tana juyawa sumul, boris bai ci ba, haƙori ko ɗaya bai karye ba. Ya daɗe yana kallon baƙin wurin nan. Sa'an nan ya kira Yaya ya ce, "Gobe ka je ka gaya wa mai waya ina son ganinsa. Ƙaramin yaron nan mai kan lissafi, ina so ya riƙa yini a rumfarsa Litinin da Alhamis. Ka tambaye shi nawa zai karɓa."